Darasi na 11: Kula da ƙwaƙwalwa tun kafin tsufa ya zo

Lokaci: minti 40, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Manufa: mu san mene ne gigin tsufa, abin da ke jawo shi, da abin da ƙungiyarmu za ta iya yi a kai.

Gabatarwa

Ina aji biyu a kwalejin kimiyya da fasaha lokacin da kakata ta fara mantuwa. Matar da ta shekara talatin tana riƙe da adashen unguwa, ba ta taɓa rubuta komai ba kuma ba ta taɓa kuskuren kwabo ba, sai ga shi tana tambayar sunan jikar da ta goya. Ta ci tuwo ta ce an hana ta abinci. Wata rana aka tsince ta a hanyar rafi da asuba, wai za ta gidan babanta, wanda ya rasu tun kafin a haifi mahaifiyata. Wasu suka ce iska ce, wasu suka fara raɗe-raɗin maita, yara suka daina shiga ɗakinta. Sai da muka kai ta asibiti aka ce jininta ya daɗe da hawa, ba wanda ya sani. Har yau abin yana ci mini rai.

Mene ne gigin tsufa?

Kowa yana mantuwa. Ki ajiye makulli ki neme shi, daga baya ki tuna, wannan ba komai ba ne. Gigin tsufa kuwa ciwo ne da ke lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har mutum ya ɓata a hanyar da ya sani, ya kasa lissafin canji, ya maimaita tambaya ɗaya sau goma, halinsa ya sauya. Ba maita ba ce, ba kuma kowane tsoho yake samun sa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ke fama da shi, fiye da rabinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Ya fi kama mata, kuma mata ne suka fi ɗaukar jinyarsa. Kun ga ke nan maganar tamu ce ta fuska biyu.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ke ƙara haɗarin wannan ciwo, waɗanda mutum zai iya gyarawa. Suka ce da za a magance su, kusan kashi 45 cikin 100 na masu kamuwa za su tsira ko ciwon ya jinkirta musu. Wato cikin mutum 20, kusan 9. A cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, ƙiba, yawan kitse a jini, raunin ji, raunin gani, buguwa a ka, shaƙar hayaƙi, shan taba, ciwon damuwa, rashin motsa jiki, kaɗaici, da rashin samun karatu tun ana yara.

A ƙasar Finland an gwada abin a aikace. Aka ɗauki tsofaffi 1,260, rabinsu aka sa su cikin tsarin gyara abinci, motsa jiki, wasa ƙwaƙwalwa da bibiyar hawan jini har shekara 2. Da aka gwada su a ƙarshe, sun fi sauran kaifin tunani.

To, ba ina cewa wadda ta kiyaye ba za ta taɓa kamuwa ba. Shekaru da gado suna da nasu, lafiya kuma ta Allah ce. Amma abin lura shi ne yawancin waɗannan abubuwa tun ana shekara 40 zuwa 50 suke fara ɓarna, ba sai an yi furfura ba.

Abin da za mu yi

1. Awon jini. Wannan shi ne babba. Hawan jini yana lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini, kuma sau da yawa ba ya ciwo ko kaɗan. A zauna a huta minti 5 kafin a auna. In ya kai 140/90 ko ya wuce, aka sake aunawa wata rana aka ga haka, a je asibiti. Wadda aka ɗora a kan magani kada ta daina don ta ji sauƙi.

2. Gishiri. Babban mutum bai kamata ya wuce giram 5 a yini ba, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duk abincin yini gaba ɗaya. Dunƙulen ɗanɗano ma gishiri ne fa. In kina sa huɗu a miya, koma biyu, ki ƙara daddawa da albasa. Zogale, rama, wake da gyaɗa duk muna da su.

3. Kunne da ido. Wadda ba ta ji sosai takan janye daga hira, ƙwaƙwalwa ta rasa abin yi. A daina sa tsinke ko ashana a kunne. Masu injin niƙa su riƙa toshe kunne lokacin aiki. Yanar ido ana cire ta da ƙaramin aiki a asibiti, kada a bar tsohuwa a duhu ana cewa tsufa ne.

4. Hayaƙi. A yi girki inda iska ke shiga, da busasshen itace. Kada a hura wuta da leda.

5. Motsi. Mai zuwa gona da ɗibar ruwa tana samun nata. Mai sana'ar zaune, ɗinki ko saƙa, ta nemi tafiyar minti 30, kwana 5 a mako.

6. Zama da mutane. Matar da ta fita takaba, ko wadda 'ya'yanta suka tafi birni, kada mu bar ta ita kaɗai. Ko zubinta kaɗan ne, ta zo ta zauna da mu, a ba ta ƙirgar kuɗi ko riƙon makulli. Mu kuma mu bar 'yan matanmu su yi karatu, mu ma mu shiga ajin yaƙi da jahilci in akwai shi kusa.

Gargaɗi: in baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Asibiti nan take, ba jiran gobe.

Tambayoyin tattaunawa

Wace ce a cikinmu aka auna jininta a bana? A ɗaga hannu, magatakarda ta rubuta adadin.

In wata tsohuwa a unguwarmu ta fara ruɗewa aka fara kiranta mayya, me za mu ce, kuma wa zai fara magana?

Za mu iya ware wani abu daga asusun taimako mu sayi na'urar awon jini ta ƙungiya, ko mu roƙi ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa taronmu sau ɗaya a wata?

Aikin wannan mako

Kowace ta ziyarci tsohuwa ɗaya, ta zauna ta yi hira da ita ko na rabin awa ne, ta tambaye ta yaushe rabonta da awon jini. Mako mai zuwa kafin a buɗe akwati zan tambayi kowa abin da ta gani, sannan mu kaɗa ƙuri'a kan maganar na'urar. Allah ya ba mu tsufa mai albarka.