Ɗalibaina Suna Cin Jarrabawar Faransanci, Amma Baki Ya Ƙi Buɗewa

Tambaya: Ina koyar da Faransanci a wata ƙaramar sakandare. Yarana sun iya rubutu, amma da na ce wani ya tashi ya yi magana, sai aji ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai. Yaya zan yi? Daga wata malama a Katsina.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Tsoron dariya ne ya ɗaure musu baki. Ɗan shekara 13 ya gwammace a ce bai sani ba da a mayar da kuskurensa sunan tsokana.

Ki fara da lissafi. Idan darasi minti 40 ne, yara kuma 60, ko da ba ki ce uffan ba, daƙiƙa 40 kacal kowa zai samu. Amma in kin haɗa su bibbiyu na minti 10, kowa ya sami minti 5, kuma ba a gaban idon jama'a ba. Ajin zai cika da hayaniya, ki sanar da shugaban makaranta tun da wuri.

Sai dai a ba su dalilin magana. Bahaushen da ke zuwa Kwatano sayo mota bai zauna a aji ba, amma ciniki ya koya masa ƙirga da Faransanci. To, ki kawo kasuwa cikin aji: gwangwanin madara, sabulu, ashana. Mai saye ya riƙe takardar cefane, mai sayarwa ya ɓoye ta farashi. Dole ɗaya ya ce "C'est combien?" (wato nawa ne?), ɗayan ya amsa, a taya, a yi ragi.

In kin yi tambaya, ki ɗan saurara. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano a shekarun 1970 cewa malamai ba sa jira fiye da kimanin daƙiƙa 1, kuma in an kai daƙiƙa 3, amsoshin yara sukan ƙara tsawo, masu amsawa su ƙaru.

Gyara kuwa, kada ki katse yaro yana tsakiyar jimla. Ki rubuta kurakuran a gefe, a ƙarshe ki ɗora biyu ko uku a allo ba tare da ambaton suna ba, a gyara tare. Wanda ya yi wa ɗan'uwansa dariya, shi za ki tsawata wa.

Ki gwada wannan na zango guda, Malama, sannan ki sake rubuto mana yadda ta kaya.