Ƙugin Bututun Wanke-wanke da Yadda Ake Buɗe Magudanar da Ta Toshe

A gidan da aka jawo ruwan famfo har cikin madafa, akan kafa kwamin wanke-wanke, a haɗa shi da bututu mai fitar da ƙazamin ruwa waje. Muddin abubuwa suna daidai, ruwan yakan wuce shiru. Amma wata rana sai a ji bututun yana ƙugi, ɓul-ɓul, kamar cikin mai jin yunwa, ruwan kuma yana tafiya da nawa. Mutane da yawa sukan ƙyale shi, su ce ai yana wucewa. To, ruwa ba ya tsami banza. Wannan ƙugi gargaɗi ne, wanda ya ji shi da wuri zai yi gyaran da hannunsa cikin rabin sa'a, wanda ya yi sakaci kuwa sai ya biya mai gyaran famfo, watakila har a fasa daɓe.

ABIN DA KE ƘARƘASHIN KWAMI

In mai karatu ya leƙa ƙarƙashin kwamin, zai ga bututun ya lanƙwasa ƙasa sa'an nan ya sake hawa, ko kuwa ya ga wani abu mai kama da kwalba. Wannan ita ce gwiwa. Da gangan aka yi ta haka domin kullum ruwa ya kwanta a cikinta, zurfinsa kamar inci 2 zuwa 3. Wannan ɗan ruwa shi ne ƙofar da ke tsare warin magudana, da kyankyasai, kada su hawo cikin ɗaki. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani mai gyaran agogo a London, Alexander Cumming, shi ya yi rajistar irin wannan lanƙwasa a shekarar 1775, har yau kuwa da ita ake aiki.

DALILIN ƘUGIN

A ɗauki kwalba cike da ruwa a kifa bakinta. Ruwan ba zai fita sumul ba, sai ya riƙa ɓul-ɓul, domin iska tana kokawar shiga ta ƙofar da ruwa yake fita. Haka abin yake a bututu. In ruwa ya cika bututun yana gangarawa, yakan bar gurbi a bayansa, lalle ne iska ta cike gurbin nan. In ba ta sami wata hanya ba, sai ta kutso ta cikin ruwan gwiwa, ƙarar kutsowarta ita ce ƙugin da ake ji. Wani lokaci har ta zuƙe ruwan gwiwar duka, wari ya cika madafa.

Abubuwa uku ne suka fi kawo wannan. Na fari, kuma mafi yawa, maiƙo da guntun abinci sun lafe a jikin bututu sun rage faɗinsa. Manja da man shanu da kitsen nama sukan shiga da ruwan ɗumi, in sun huce su daskare, sa'an nan shinkafa da guntun tuwo da ganyen shayi su manne musu. Yashi da tokar da ake goge tukwane da su kuma masu nauyi ne, a gindin gwiwa suke kwanciya. Na biyu, bututun shan iska, watau wanda ake miƙewa sama har ya wuce rufin gida, ya toshe da ganye ko sheƙar tsuntsu. Na uku, tun wajen haɗawa aka yi kuskure. Bututun kwamin madafa faɗinsa milimita 40 ne, watau inci ɗaya da rabi, ana kuwa son ya gangara misalin santimita 2 a kowace mita, ko fiye kaɗan. Bisa ƙa'idar gini ta Ingila, bututu mai wannan faɗi ba ya wuce tsawon mita 3 sai an yi masa mashigar iska.

GANO INDA CUTAR TAKE

Kafin a taɓa kome, a duba sauran magudanan gidan. In kwamin madafa kaɗai ke ƙugi, toshiyar tana kusa, a gwiwa ko a ɗan bututun da ke bayanta. In kuwa makewayi da wurin wanka su ma suna nawa, ko kwamin ya yi ƙugi sa'ad da aka kora ruwa a masai, to, abin yana can a babbar magudana ko a bututun shan iska.

YADDA ZA A GYARA

A fara da mai sauƙi, in bai yi ba a ci gaba.

1. A tsince abin da ya taru a bakin rariyar kwamin. A zuba garin sabulun wanki kamar cokali biyu, a bi shi da ruwan zafi butoci biyu ko uku, sannu-sannu. In bututun na roba ne, kada a zuba ruwa yana tafasa, a bari ya ɗan sarara, domin tsananin zafi yakan sa roba ta yi laushi, mahaɗai su saki.

2. In bai wuce ba, a nemo robar nan mai kama da ƙoƙo a kan sanda, wadda ake sayarwa wurin masu kayan famfo. A toshe ɗan ramin da ke can sama a jikin kwamin da jiƙaƙƙen tsumma, in ba haka ba ƙarfin zai tsere ta nan. A tara ruwa har ya rufe bakin robar, a kifa ta a kan rariya, a danna a saki da ƙarfi kamar sau 15, sa'an nan a fizge. A maimaita sau biyu ko uku.

3. In har yanzu da saura, sai a kwance gwiwa. A ajiye bokiti a ƙarƙashi tukuna. Ta roba da hannu ake murɗa ta, ba ta bukatar sifana. A juye abin da ke ciki, a wanke ta da tsohon buroshi, a lura kada zoben robar da ke hana yoyo ya ɓace. A mayar, a ɗaure daidai ba da ƙarfin tsiya ba, a saki ruwa a duba ko tana ɗiga.

4. In an tarar gwiwa ba kome a cikinta, toshiyar tana gaba. Tun gwiwar tana kwance, a zura wayar buɗe bututu cikin wanda ya shiga bango, ana turawa ana murzawa, har a ji ta huda abin. A jawo ta, a goge, a sake, sa'an nan a kora da ruwan zafi.

5. In ruwa yana wucewa da sauri amma ƙugi bai daina ba, matsalar ta iska ce. A sa a duba bututun shan iska a share shi. In babu shi, mai gyaran famfo yana iya sa wani ɗan murfi kusa da gwiwa, mai barin iska ta shiga amma ba ya barin wari ya fito.

GARGAƊI GAME DA SODA

Waɗansu sukan zuba soda mai ƙuna, irin wadda ake yin sabulu da ita. Gaskiya ne tana narkar da maiƙo, amma tana ƙona fata, tana makantarwa, tana kuma cin tukunyar alminiyam. Wanda zai yi aiki da ita ya sa safar hannu ta roba, ya tsare idonsa, ya zuba sodar cikin ruwan sanyi kaɗan-kaɗan, kada ya zuba ruwa a kanta. Kada a sa ta a bututun da ya toshe ƙaf, domin za ta tsaya a ciki ta jira wanda zai kwance gwiwa. Kada kuma a danna robar nan bayan an zuba ta. Har wa yau, faufau kada a gama maganin buɗe bututu da bilic ko da wani magani dabam, gamin yakan tā da iska mai guba. In ta fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta minti 20 ko fiye, a garzaya asibiti. A ɓoye ta inda yara ba su kai.

MAGUDANAR WAJE

In abin a waje yake, a ɗaga murafan ramukan dubawa da ke bin layin magudana, ɗaya bayan ɗaya. Toshiyar tana tsakanin ramin da ya cika da ramin da ke gabansa wanda babu ruwa. Ta nan ake zura sandunan buɗe magudana, ana murza su hannun dama kaɗai, domin in aka juya hagu sai su kwance su maƙale a ciki. In duk ramukan sun cika har zuwa na ƙarshe, to, sokawe ne ya cika, sai a kira masu motar kwashewa. Kada kowa ya shiga cikin irin wannan rami. Iskar da ke taruwa a ciki takan sumar da mutum nan take, sau da yawa kuma wanda ya shiga ceto shi ma can yake zama. Ruwan da ya kwanta a kwata kuwa, a buɗe masa hanya da gaggawa, domin a nan sauro yake hayayyafa.

RIGAKAFI

Abin da cokali ɗaya na maiƙo yake yi a gida, shi maiƙon gari guda yake yi a babbar magudana. A shekarar 2017 an tarar da wani curin kitse da tsummoki a magudanar unguwar Whitechapel ta London, tsawonsa mita 250, nauyinsa kimanin tan 130, aka yi makonni ana fasa shi. Saboda haka uwargida ta riƙa juye ragowar mai a gwangwani, ta share kwanuka cikin kwandon shara kafin wanki. Tukwanen da ake gogewa da yashi da toka a wanke su a tsakar gida. A sa 'yar rariyar ƙarfe a bakin kwami, a riƙa kora ruwan zafi da sabulu sau ɗaya a mako. Wanda ya dawo daga doguwar tafiya, musamman da hunturu, ya tarar da wari, ya saki famfo na ɗan lokaci, ruwan gwiwa ne ya ƙafe.

Ran da aka fara jin ƙugi, ran nan ya kamata a ɗauko bokiti a duba gwiwa.