Wallahi Likita Ban Gan Shi Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina duba ido, kuma ban cika fitar da maganar aiki waje ba. Wannan dai ta hana ni barci.

Wani dattijo ne, direban haya, ya haura hamsin da biyar. Sharon yake ja daga Babura zuwa Kano, ta Kanya Babba da Kunya, wata rana har sawu biyu. Ƙaninsa ne ya kawo shi, wai kansa ke ciwo, kuma tun da tsautsayi ya afka masa ya daina cin abinci. Da na tambayi wane tsautsayi, sai ya sunkuyar da kai. Ranar kasuwa ce, gab da magariba, wani yaro ya fito a kan keke daga hannun hagu zai tsallaka titi. Ko asibiti yaron bai kai ba. Iyayen suka ce kwana ne ya ƙare, suka yafe. Shi kuwa magana ɗaya yake ta nanatawa: “Wallahi likita ban gan shi ba. Fasinjan gaba ne ya yi salati, sannan na ji ƙara.”

Na sa shi gaban allo. Ya karanta har 6/9 da idon dama, ya juyo yana cewa, “Ka gani ko? Idona garau.” Na ce, “Baba, dakata tukuna.” Na ce ya kafa ido a hancina, na rinƙa kawo yatsu daga gefe. Sai da hannuna ya zo daidai fuskata sannan ya ce ya gani. Matsin ido 38 a dama, 44 a hagu. Da na leƙa jijiyar idon, ta rarake, ba abin da ya rage sai ɗan zobe siriri. Hawan jinin ido ne, ya yi shekaru yana ci ba zafi ba ja. Bawan Allahn nan yana kallon titi ne kamar mai leƙen gida ta hudar ƙyaure, ga mutum tara a mota har da na but.

Sai ya zaro wata ’yar kwalba daga aljihu. Maganin ɗigawa ne mai dexamethasone, wani mai kemis ya ba shi saboda ƙaiƙayin ƙurar hunturu, ya ji daɗinsa, ya mai da shi kamar kwalli, shekara uku cur. Nan raina ya ɓaci. Ku masu kemis, don Allah wa ya koya muku wannan? Ba ku da abin awon matsi, ba ku taɓa ganin jijiyar ido ba, amma duk wanda ya ce idonsa na ƙaiƙayi sai ku miƙa masa wannan kwalbar. Na gaji da ganinta a aljihun mutane.

Na ce ya nuna mini lasisinsa. Ga shi nan fes, bai ƙare ba. Na ce, “Wa ya gwada idonka kafin a ba ka?” Ƙaninsa ne ya amsa: “Ai akwai wani yaro da ke zuwa tasha, ka ba shi kuɗi da fasfo, sati biyu ya kawo maka.” Shekara talatin mutumin nan yana kan sitiyari, ni ne na farko da na taɓa haska idonsa.

Ba wai babu doka ba. Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, kuma tsarin lasisi a bayyane yake: makarantar tuƙi mai rajista, gwajin jami’an VIO, gwajin ido, sannan ka je da ƙafarka a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Katin da aka kawo maka kana kwance a inuwar tasha, ka san abin da ka saya. Amma ko da ya bi layi, ina shakkar allo kaɗai zai kama shi, tun da ga shi ya karanta 6/9 a gabana. Wannan shi ne abin da nake so masu tsara lasisi su ji. Gwamnatin tarayya da kanta ta gudanar da binciken makanta na ƙasa tsakanin 2005 da 2007, kuma nazarin da Dokta Fatima Kyari da abokan aikinta suka fitar daga cikinsa ya nuna kusan mutum biyar cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara 40 suna da wannan ciwo, kuma cikin masu shi, waɗanda suka san suna ɗauke da shi ba su kai shida cikin ɗari ba. To je ka tashar Kazaure ko ta Babura ka ƙirga direbobin da ke da furfura.

Direban da ya kai arba’in, a auna masa matsin ido da ganin gefe duk shekara. Allo bai isa ba. Wanda jijiyarsa ta tafi, ya sauka daga mota, ba ta dawowa.

Shugabannin tasha, kuna karɓar kuɗin lodi kullum, rana ɗaya a shekara ku kira ma’aikatan ido su zo ba za ta karya ku ba. Wanda fitilar mota ke kashe wa ido da dare, ko yake fama da dundumi, ya daina tashi bayan la’asar. Tabarau na tire da ake gwadawa a kasuwa ba magani ba ne. Masu cire yanar ido da tsinke kuwa, ba na ma son in fara. Kuma na sake faɗa, a daina ɗiga kwalbar kemis. In mahaifinka ko yayanka ya makance a hankali ba a san dalili ba, kai ma zo a duba ka, abin yana bin jini.

Na rubuta masa timolol, na ba shi takardar zuwa Kano. Na gaya masa a gaban ƙaninsa cewa tuƙi ya ƙare. Ya yi shiru can, sai ya ce, “Likita, mata biyu da ’ya’ya goma sha uku, me za su ci?” Ban ba shi amsa ba, don ba ni da ita. Na dai ce ya ba babban ɗansa motar, shi ya zauna a tasha yana rubuta fasinja.

Ranar da na ba shi ya dawo ta wuce da sati uku. Shekaranjiya na bi ta tasha, na hangi Sharon ɗin ana mata lodi, an ɗaure buhuna a bayanta. Na tsaya na jira in ga wanda zai shiga gaba, sai aka kira ni a waya daga wurin aiki, na tafi.