Wanke Faifan Garmaho da Sauti: Wace Na'ura ce Ta Dace da Kano?

A tsofaffin gidajen cikin birni, daga Shahuci zuwa kewayen Kasuwar Kurmi, ba a rasa akwatin da aka jibge faya-fayen garmaho na iyaye da kakanni, na su Shata ko na waƙoƙin Indiya. Matashin da ke son kwafe su zuwa wayarsa zai fara cin karo da ƙarar ƙas-ƙas. Yawancinta ƙurar hunturu ce ta shekaru da ta maƙale cikin siraran layukan faifan, inda tsumma ba ya kaiwa.

Maganinta yana da alaƙa da 'yar tasar nan da masu gyaran waya a Farm Centre ke tsoma allon wayar da ta faɗa ruwa. Na'urar tana aika sautin da ya wuce jin ɗan Adam cikin ruwa. Kunne yana tsayawa a wajen 20 kHz, wato girgiza 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Girgizar da ta haura haka tana haifar da ƙananan kumfa masu fashewa, su ne ke ɓamɓaro dattin. Sai dai tasar masu gyara ta yi wa faifai mai faɗin inci 12 kaɗan.

Degritter, ƙirar ƙasar Estoniya, tana aiki da 120 kHz. Kumfarta ta fi ƙanƙanta, tana shiga lungun layi a hankali, tana tace ruwan, ta kuma busar da faifan da kanta. Kuɗinta dubban daloli ne. HumminGuru ta Hong Kong tana kan 40 kHz, kumfarta ta fi girma da ƙarfi, ita ma tana busarwa, kuma 'yan ɗaruruwan daloli ce. Mafi araha ita ce tasa mai cin lita 6 ta 40 kHz da ake ɗora wa ƙaramin moto mai juya faifai. Tana wanke da yawa lokaci guda, amma busarwa da kare takardar tsakiya aikin mai ita ne.

Ga mai faifai talatin ko arba'in na gado, sayen Degritter almubazzaranci ne. Ta 40 kHz ta wadatar. Abin da ya fi lambar kHz muhimmanci a Kano shi ne ruwa da zafi. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri a layi idan ya bushe, don haka a nemi tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, a tabbatar ba mai asid ba ne. Na'urar kuma tana ɗumama ruwa da kanta, ga Afrilu da zafi kan kai digiri 40. Roba na lanƙwashewa, saboda haka kada ruwan ya wuce digiri 35. A yi aikin da sassafe. Mai yin oda daga Amurka ya duba ko na'urar na ɗaukar wutar 230V ta Najeriya.

Kafin a tsoma komai, a duba lambar gudun faifan. Mai 33 ko 45 galibi na roba ne, irin da aka fara fitarwa a 1948 da 1949. Mai 78, mai nauyi da saurin fashewa, an yi shi da wani irin ƙaro ne: sifirit yana narkar da shi, jiƙa mai tsawo na iya ɓata shi. Wannan sai burushi mai laushi. Karce kuwa, babu na'urar da ke goge shi.