Kafin ka shuka alayyaho a bayan gida, tambayi tarihin filin

A aikina na malamin gona, ƙorafin da na fi ji daga masu ɗan lambu a cikin garin Jere shi ne: "Malam, na zuba taki, ina ban ruwa safe da yamma, amma shuka ta ƙi tashi." Tambayata ta farko kullum ɗaya ce: me ake yi a wurin kafin ka same shi?

Jere na bakin titin Kaduna zuwa Abuja, ga tashar jirgin ƙasa tun 2016, gine-gine sai ƙaruwa suke. Abin da ke rage wa mai gida galibi shi ne inda tifa ta yi ta juyawa, ko inda aka kwaɓa siminti, ko tsohon garejin makanikai.

Dannanniyar ƙasa tana da magani. Jar ƙasarmu, in taya ta murƙushe ta da damina, rani ya gasa ta, sai ta koma kamar daɓe. Saiwa ba ta ratsawa, ruwa ya bi ta sama ya wuce. Haƙa rami zurfin kamu ɗaya, ka cika da ruwa, in ya tsotse ka sake cikawa. Idan gari ya waye ruwan na nan, to sai diga. A fasa ta tana da ɗan danshi, ba tana caɓi ba, a cuɗa da ruɓaɓɓen kashin shanu ko na kaji da ɓuntun shinkafa, a ja kunya, a rufe da busasshiyar ciyawa, a daina takawa. Wake ya fi dacewa a shekarar farko. Bayan damina biyu ko uku, za ka fara ganin tana a bakin fartanya.

Gurɓatacciyar ƙasa ce ke hana ni barci. Baƙin mai dai ido na gani, hanci na ji. Dalma kuwa ba ta da wari, ba ta ruɓewa, taki ba ya kashe ta, kuma shuka kan yi kore shar a kanta. Dalmar tana fitowa daga batirin mota da aka fasa, da ɓawon tsohon fenti, da hayaƙin fetur mai dalma da ya sauka a gefen titi shekara da shekaru kafin a hana shi. A 2010, yara sama da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara saboda ƙurar dutsen zinare mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Namu bai kama ƙafar wannan ba, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce: ƙura, da hannun yaro zuwa baki. Ko a can ɗin ma, kankare ƙasar tsakar gida aka yi aka kwaso sabuwa.

Shi ya sa nake jayayya da masu ɗebo takin bola. Yana sa ganye sheƙi, ban musa ba, sai dai ka tona shi da kara ka ga fasassun batura da ƙonanniyar leda, sannan ka ce mini nan za ka shuka zogalen da mai jego za ta ci.

In dai an taɓa gyaran mota ko ƙona shara a wurin, kar ka haƙa. Rufe ƙasar da tsakuwa, ka jera buhuna ko ka gina gurbin shuka da bulo, ka cika da ƙasar gona mai tsabta daga nesa da titi. Tumatir da kuɓewa da tattasai sun fi alayyaho da latas da karas aminci, domin dalma ba ta cika hawa cikin 'ya'ya ba, ta fi tsayawa a saiwa da ƙurar da ke manne wa ganye. A wanke komai sosai, yara su wanke hannu in sun fito daga lambu. Mai hali ya ɗebi ƙasa daga kusurwoyi daban-daban, ya kai ɗakin gwajin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ya ce musu dalma yake so a duba, don gwajin taki na yau da kullum ba ya nuna ta.