Darasi: Arziki Ba Tare da Ɓarna Ba

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, sau da yawa ana tambayarmu a masallaci: shin al'umma za ta iya bunƙasa ba tare da ta ƙara hayaƙin da ke ɗumama duniya ba? Amsarmu ita ce, za ta iya.

Ingila ta rage hayaƙinta da kusan rabi daga 1990 zuwa 2023, alhali arzikinta ya ƙaru, domin ta daina dogaro da kwal wajen samar da lantarki. A nan jihar Maraɗi kuwa, tun daga 1983 manoma suka rungumi sassaben zamani, wato barin kututturan gawo da sauran itatuwa su sake tofo a gona. Itace yana zuƙe iskar da ke kawo ɗumama, yana tare rairayi, ganyensa yana ƙara wa gero taki. A Malbaza kuma an buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana a 2018.

Hayaƙin Nijar kaɗan ne, amma fari irin na 1984 bai tambayi wanda ya jawo shi ba kafin ya cinye garken Dakoro. Suratul A'araf ta hana almubazzaranci, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa shukar da mutum ko tsuntsu ya ci daga gare ta sadaka ce. Saboda haka wanda zai yi sassabe bana, ya bar tofo a gonarsa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.