Gudun Jirgin Idu: Amsoshin Tambayoyinku

Wani ɗalibi daga Idu ya aiko yana cewa lissafin gudu na ba shi wahala, musamman bambancinsa da gudu mai alƙibla, wanda malaman kimiyya ke kira belositi.

To ɗan'uwa, misalin yana bakin ƙofarka. Layin dogo daga tashar Idu zuwa Rigasa a Kaduna, wanda aka buɗe a watan Yulin 2016, tsawonsa kusan kilomita 186 ne. A ce jirgi ya tashi ƙarfe bakwai, ya isa tara da rabi. Awa biyu da rabi ke nan. Raba 186 gida biyu da rabi, ka samu kilomita 74 da ɗoriya a kowace awa. Wannan matsakaicin gudu ne, har da tsayawar da ya yi a Kubwa yana ɗiban fasinja a ciki. A wani wurin ya wuce haka, a wani wurin ko motsi bai yi ba.

Shi kuwa belositi bai damu da lanƙwasar dogo ba. Tazarar miƙe tsakanin inda ka tashi da inda ka sauka yake rabawa da lokaci, tare da alƙibla, a nan arewa. Shi ya sa adadinsa yake ƙasa da 74.

Ga inda ɗalibai ke faɗuwa a jarabawa: ka je Rigasa ka dawo Idu da yamma, ka ci kilomita 372, gajiya ma ta shaida, amma matsakaicin belositinka sifiri ne.